Injin sassaƙa mai ido: Abin da ke sa shi ɓata katako da yadda ake shirya masa aiki

A allon injin komai ya tafi daidai. Layin zane yana nan, bakin yanka ya bi shi daga farko har ƙarshe, babu gargaɗin da ya fito. Amma da kafinta ya ɗaga injin ya hure ƙura, sai ya tarar ramin da ya sassaƙa don zaunar da hinji ya goce da milimita biyu.

A jikin guntun katakon gwaji wannan ba komai ba ne. A jikin ƙofar maɗaci da aka riga aka goge, aka kuma karɓi kuɗin mai ita, milimita biyu asara ce da ba ta da magani sai ciko, shi kuwa ciko ko makaho ya shafa zai ji shi.

Abin da ya fara zuwa ran mai injin shi ne an sayar masa da jabu. Sau da yawa kuwa injin lafiyarsa ƙalau. Matsalar tana kan teburin, tun kafin a kunna wuta.

Injin da ake magana shi ne rauta mai kwamfuta wadda ake riƙewa da hannu. Ba rautar intanet ba, ta kafintoci, wadda ke juya baki mai kaifi da gudu tana cin katako. Manyan injinan CNC, wato masu yanka bisa umarnin kwamfuta, tebur ne guda da ke cin rabin shago, katako ake kai musu. Wannan kuwa shi ake ɗauka a kai wa katakon, ko da ƙofa ce ko daɓen katako da aka riga aka shimfiɗa. Akwai ire-irensa kamar Maslow da ake ratayewa a jikin allon katako, amma wanda ya fi suna shi ne Shaper Origin na wani kamfani da ke San Francisco a Amurka.

Daga firam ɗin hoto

Asalinsa wani ɗalibin digirin digirgir ne a jami'ar MIT, Alec Rivers, wanda ya gaji kayan kafinta daga kakansa. Ya yi ƙoƙarin haɗa firam ɗin hoto, ya auna, ya sake aunawa, amma kusurwoyin suka ƙi haɗuwa. A 2012 shi da Ilan Moyer da Frédo Durand suka gabatar da dabarar a taron SIGGRAPH: mutum ya tura injin kusa da layi, injin ya ƙarasa gyaran da kansa. An fara karɓar odar Origin a 2016, sannan a 2019 kamfanin TTS na Jamus, mai Festool, ya saye Shaper.

Yadda yake aiki shi ne mabuɗin gane duk wata matsalarsa. Ana manna wani salatif na musamman a kan aikin, mai ɗigo-ɗigo fari da baƙi irin na ƙwayoyin wasan domino. Kyamarar da ke jikin injin tana kallon waɗannan ɗigogi, ta haɗa taswirar wurin, ta san inda injin yake a kowane lokaci. Ana ɗora zanen, wanda fayil ne nau'in SVG, a kan taswirar. Kafinta yana tura injin yana bin layi a allo, wasu ƙananan motoci kuma suna motsa bakin hagu da dama cikin wani da'ira mai faɗin kusan rabin inci, suna gyara rawar hannunsa. Idan ya kauce fiye da da'irar, bakin ya janye sama da kansa don kada ya ci inda ba a sa shi ba.

To a nan gizo ke saƙar. Injin bai san katako ba, salatif ya sani. Duk abin da ya raba salatif da katako, injin ba zai gani ba, zai ci gaba da yanka cikin natsuwa a wurin da ba daidai ba.

Idan katako ya motsa

Mafi yawan gocewa daga nan take fitowa. A ce an manna salatif a kan wani allo na gefe, shi kuma katakon da ake sassaƙawa an ɗan danne shi kawai. Baki yana shiga, ƙarfin juyawarsa ya tura katakon milimita ɗaya. Salatif bai motsa ba, saboda haka a wurin injin babu abin da ya faru. Dole allon salatif da katakon aiki su zama kamar abu guda, a ɗaure su a kan shimfiɗa ɗaya ta yadda ko an girgiza ɗaya, ɗayan zai bi shi.

Ƙarfen matsewa yana da amfani, amma yana tare wa injin hanya. Shi ya sa masu wannan aiki suka fi dogara da salatif mai manne gaba da baya, wanda ke riƙe katako ta ƙasa. Akwai kuma dabarar da kafintoci suka daɗe suna yi: a manna salatif ɗin takarda irin na masu fenti a bayan katakon, a manna wani a kan shimfiɗa, a ɗiga gam mai saurin kamawa a tsakaninsu, a danna. Riƙon yana da ƙarfi, kuma idan an gama sai a ɓamɓare, gam bai taɓa katakon ba.

Wurin da aka fi mantawa shi ne guntun da ake yankewa. A zagaye na ƙarshe, da zarar ya rabu da uwar katakon, idan babu abin da ya riƙe shi ta ƙasa zai zame ya faɗa wa baki, gefensa ya gutsure. Aikin awa guda kan lalace a daƙiƙar ƙarshe saboda an yi rowar salatif na santimita biyar.

Ƙarƙashin duka a sa katakon da aka sadaukar, galibi MDF, wanda baki zai ɗan ci idan ya huda aikin. Shi ke kare tebur, kuma yana rage tsagewar gefen ƙasa.

Abin da kyamara ke buƙata

Sharaɗi na biyu ya fi ruɗar sababbin hannu: salatif ya kasance a tsayi ɗaya da fuskar da injin ke tafiya a kai. Kyamarar tana kallon gabanta ne a karkace, tana lissafin nisa bisa zaton cewa ɗigogin suna daidai da gindin injin. Idan allon salatif ya fi katakon aiki tsayi ko ya gaza shi, lissafin ya karkace, zanen ya fito da ɗan ƙari ko ragi. Maganinsa sauƙi ne. A yanki allon gefe daga katako mai kauri ɗaya da na aikin, ko a cusa siraran takardu a ƙarƙashi har su daidaita, sannan a ɗora ƙarfen awo a kai a duba ko haske na ratsawa.

Wannan allon na gefe yana yin wani aikin kuma. Idan katakon siriri ne, rabin gindin injin zai rataya a iska, ya riƙa tangaɗi, zurfin yanka ya riƙa canzawa. Allon da ke kewaye da aikin shi ke tallafe shi.

Layukan salatif ba sai sun miƙe sambal ko sun yi daidai da juna ba. Tazarar kusan santimita takwas ta isa. Abin lura shi ne su kasance a gaban injin duk inda zai je, domin kyamara ba ta ganin ƙarƙashinta ko bayanta. Mutum ya fara zagaya injin a kan aikin ba tare da yanka ba, yana duban alamar domino da ke saman allo, wadda ke nuna ko ɗigogin da ake gani sun wadatar. Inda alamar ta ragu, a ƙara salatif a wurin, a ƙara shi cikin taswirar. Haka ma idan hanyar yanka za ta ratsa wasu layukan, a tanadi wasu a gefe tun da wuri.

Ƙura ce babbar abokiyar gaba. Tana rufe ɗigogi, tana zama a gilashin kyamara, sai injin ya riƙa janye baki yana cewa ya ɓata hanya. Haɗa injin zuƙar ƙura a nan wajibi ne, ba ado ba. Hasken rana da ke faɗowa kai tsaye yana sa salatif ƙyalli, inuwa mai kauri kuma tana ɓoye shi. Shagon da ke aiki a bakin titi, musamman lokacin hunturu, zai fi samun sauƙi idan ya ware wa wannan inji lungu mai rufi da hasken da ba ya canzawa.

Zurfi da ƙuna

Idan rami ya yi zurfi fiye da yadda aka rubuta, ko bai kai ba, wuri uku ake dubawa. Injin yana da tsarin da yake sauke baki a hankali har ya taɓa fuskar katako don ya san inda sifili yake. Duk lokacin da aka canza baki sai an maimaita wannan, kuma a wuri mai tsabta, ba a kan rami ko tarin ƙura ba. Sai gindin injin: ɗan ɓarɓashi ɗaya a ƙarƙashinsa ya isa ya ɗaga shi. Na uku shi ne mariƙin baki. Idan bai ɗauru sosai ba, ko ƙura ta cika shi, bakin da ke jan ɓarɓashi sama yakan zaro kansa a hankali, ramin ya riƙa ƙara zurfi ana cikin tafiya.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada a ci zurfin da ya wuce kaurin bakin a zagaye guda. Baki mai milimita shida, zurfin milimita shida ko ƙasa da haka, a katako mai tauri ma a rage. Motar tana juyawa tsakanin sau 10,000 zuwa 26,000 a minti, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙure gudun sannan a riƙa tura injin a hankali don tsoro. Baki ya daina yanka ya koma gugar katako, gefe ya yi baƙi, ƙauri ya tashi. Ɓarɓashi ake so a gani yana fita, ba gari mai laushi ba. Idan an daidaita gudu ƙunar ba ta daina ba, bakin ya dakushe.

Haɗin da zai shiga daram

Inda injin ya fi burgewa shi ne haɗa katako biyu, namiji da mace. Allon yana ba da damar a ce bakin ya tsaya nesa da layi da ɗan kaɗan. Gwanaye sukan yi zagayen farko su bar rabin milimita, su cinye yawancin naman katakon, sannan su dawo su share ragowar a zagaye guda mai sauƙi. Gefen yakan fito sumul domin bakin ba ya shan wahala.

Idan haɗin ya matse, ba sai an ɗauko fayil ko takardar guga ba. A rage kashi ɗaya cikin goma na milimita, a sake zagayawa, a gwada. Sharaɗin kawai kada a cire katakon daga inda yake kafin a tabbatar ya shiga, domin da zarar an ɗaga shi, dangantakarsa da salatif ta yanke. A kuma tuna cewa baki zagayayye ne, ba zai taɓa fitar da kusurwar ciki mai kaifi ba. Ko dai a gyara ta da kurfi, ko a sa ɗan zagaye a kusurwar tun a zane.

Mazaunin da ke rage kashe kuɗi

Salatif ɗin nan ba kyauta ba ne. Nadi guda mita 45 ne, kuma ga wanda ke nesa da inda ake sayar da shi, ƙarewarsa tana nufin aiki ya tsaya. Kamfanin yana sayar da nasa mazaunin aiki, Workstation don riƙe katako a tsaye da Plate don ramukan hinji da makulli, dukansu da ɗigogi na dindindin. Amma kafinta na iya haɗa nasa da ragowar MDF.

A sami allo mai faɗi, a kafa masa katanga biyu da suka haɗu a kusurwa madaidaiciya, a manna salatif a ɓangaren da baki ba zai taɓa kaiwa ba. Injin yana ajiye taswirar, duk ranar da aka dawo ya ga ɗigogin zai gane wurin, har da zanen da aka bari a kai. Mai ƙofofin kabad ashirin zai tura kowace cikin kusurwar, ya matse, ya yanka, ya cire, ramukan su fito a wuri ɗaya ba tare da ya sake awo ba. A ɗan yi wa kusurwar rami ta ƙasa don ƙura ta sami wurin faɗawa, in ba haka ba ita za ta hana katako zama har ƙarshe, ƙofa ta goma ta bambanta da ta farko.

Wasu suna buga ɗigogin da firinta a takarda don su huta da saye. Yana aiki, amma idan firintar ta ƙara ko ta rage girman da kashi ɗaya cikin ɗari, aikin mita guda zai goce da santimita ɗaya. Wanda zai bi wannan hanya ya fara yanka murabba'i na gwaji ya auna.

Saura batun wuta, wanda ya shafi duk mai shirin yin oda daga waje. Injin iri biyu ne: na kasuwar Amurka mai volt 120, da na Turai mai volt 230. Wutar Najeriya da Nijar da Ghana ta yi daidai da na Turai. Kaya ne na sama da dala 2,000, kuma wanda ɗan'uwa ya aiko masa da na Amurka ya soka a bango kai tsaye zai iya ƙona shi tun kafin ya manna salatif na farko. A duba lambar da ke jikin injin, in ta ce 120 a nemi taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya ɗara abin da injin ke ja.