Yadda A Ke Kiwon Tsutsa Har Ta Zama Malam-Buɗe-Littafi

In malami ya shiga aji ya ce wa yara tsutsar nan mai cin ganyen tumfafiya a bayan makaranta ita ce ke zama malam-buɗe-littafi, za su amsa masa da "I, Malam," su rubuta a littafi, har su ci jarrabawa. Amma in ka bi su ɗaya ɗaya ka tambaye su, da wuya ka sami wanda ya yarda har cikin zuciyarsa. Ba laifinsu ba ne kuwa. Wannan tana jan ciki, wancan yana tashi sama. Wannan tana tauna ganye, wancan yana tsotson ruwan fure. Ina kamarsu? Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, tun da ya ke yawancinmu a kwalejin nan malamai za mu zama, ya kamata mu san hanyar da za mu sa yara su gani da idonsu. Abin da a ke bukata bai wuce kwali, da yankin tsohon gidan sauro, da waya mai ɗaukar hoto, da haƙurin wata guda ba.

Wannan aiki ba yau a ka fara shi ba. A zamanin da, har a Turai mutane da yawa sun ɗauka daga laka ko ruɓaɓɓen abu tsutsa ke fita. Cikin waɗanda su ka taimaka a ka gane gaskiya akwai wata mace, Maria Sibylla Merian, wadda a ka haifa a birnin Farankfot na ƙasar Jamus a 1647. Tun tana shekara 13 ta fara kiwon tsutsar siliki. Daga nan ta shiga tara tsutsotsi iri iri, tana ciyar da su, tana zana surarsu tun daga ƙwai har su yi fukafukai. Ta buga littafinta na tsutsotsi a 1679. A 1699 ta tafi Surinam, can Amurka ta Kudu, don ta ga na ƙasashen zafi, littafin wannan tafiya kuwa ya fito a 1705. Ita da alƙalami da fenti ta yi nata aikin. Mu ga shi muna yawo da kyamara a aljihu, ba mu da sauran hanzari.

Inda Za A Sami Tsutsa

Rayuwar malam-buɗe-littafi hawa huɗu ce: ƙwai, sa'an nan tsutsa, sa'an nan kwanso, watau lokacin da tsutsa ke dunƙulewa cikin ɓawo ba ci ba sha, sa'an nan shi kansa mai fukafukai. A Afirka ta Yamma akwai iri wajen 1,500, amma biyu sun ishi mai koyo, domin kusan ko ina a ƙasar nan ana samunsu.

Na farko shi ne na tumfafiya, wanda masana ke kira Danaus chrysippus. Kowa ya san shi, mai fukafukai ruwan goro, da baƙi da fari a bakinsu. Macen ta kan ajiye ƙwanta ɗaya ɗaya a ƙarƙashin ganyen tumfafiya, fari, bai kai ƙwayar gero ba. Tsutsarsa tana da zane baƙi da fari da rawaya a jere, da waɗansu siraran ƙahoni masu laushi guda 6 a bayanta. Ruwan tumfafiya yana da dafi, tsutsar kuwa tana tara shi a jikinta, ya bi ta har ta zama babba. Saboda haka tsuntsaye ba su cika damunsu ba, su kuma ba su ɓuya.

Na biyu shi ne na lemo, Papilio demodocus, babba, baƙi mai ɗigon rawaya, da wani tambari mai kama da ido a fukafukan baya. Inda tumfafiya ta yi wuya, a duba sabon tohon lemun tsami ko lemun zaƙi. Tsutsarsa ba ta da dafi, dabara gare ta. Tana ƙarama sai ka rantse kashin tsuntsu ne a kan ganye. In ta girma ta zama koriya shar. In an taɓa ta kuma, ta kan fito da wani abu mai baki biyu daga bayan kanta, mai wari, don ta kori abokin gaba.

A nemi ganyen da a ka ci gefensa, a juya shi a duba. Kada a kwashi da yawa, biyu ko uku sun isa. Kada kuma a ɓamɓare tsutsa da yatsa, sai a tsinko ganyen da ta ke kai. Mai tsinkar tumfafiya ya yi hankali da farin ruwanta, yana yi wa ido illa ƙwarai. A wanke hannu da sabulu nan take, a kuma gargaɗi yara.

Ɗakin Tsutsa Da Abincinta

A sami kwali mai tsayin santimita 30 ko fiye. A yanke gabansa, a rufe da yankin gidan sauro yadda iska za ta shiga. A shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa. A sa reshen ganyen cikin ƙaramar kwalba mai ruwa, a toshe bakin kwalbar da auduga, in ba haka ba tsutsa za ta gangara ta nutse. Daga nan a jingina 'yan tsinkayen itace masu kaushi don ta sami abin hawa. A ajiye kwalin a inuwa, inda akwai haske amma rana ba ta dukansa. Kwalba rufaffiya ba ta yi, gumi ne zai taru a ciki, cuta ta kashe tsutsar.

Babban sharaɗi shi ne abinci. Tsutsar tumfafiya ba ta cin ganyen lemo, ta lemo ba ta cin tumfafiya. Sun gwammace su mutu da yunwa. Ko wace a ba ta irin ganyen da a ka same ta a kai, sabo ko wace rana, daga itacen da ba a fesa wa magani ba. A zubar da kashin, a sake jarida.

Fatar tsutsa ba ta girma tare da ita. In ta matse ta, sai ta yi saɓa kamar maciji. Sau 4 ta ke yi tana tsutsa, a na 5 kwanso ke bayyana. Kafin ko wace saɓa ta kan daina ci ta yi tsit kamar yini guda. A nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki, su ce ta mutu, su jefar da ita ko su riƙa zungurinta. A ƙyale ta kurum.

Abokan gabanta a ɗaki su ne kiyashi, da cinnaka, da tsaka, da maganin sauro. Ƙafafun tebur a sa su cikin gwangwanayen ruwa. Ɗakin da a ke fesa magani ko a ke kunna na hayaƙi kuwa, kada a kwana da kwalin a ciki. Akwai kuma waɗansu ƙudaje da ƙananan zanzaro masu sa ƙwansu a jikin tsutsa tun tana waje. In an yi rashin sa'a, maimakon malam-buɗe-littafi sai a ga su ne su ka fito. Wannan ma darasi ne ga yara, amma mai son kauce masa ya fara daga ƙwai.

Shiga Kwanso

Lokacin zafi ƙwan na tumfafiya ya kan ƙyanƙyashe cikin kwana 3 zuwa 5, tsutsar kuwa ta yi wajen mako 2 tana ci. Da hunturu kome ya kan ja. In ta ƙoshi sai ta bar ganye ta shiga yawo cikin kwali. Ta tumfafiya ta kan saƙa ɗan zare a saman kwali ko a reshe, ta maƙala ƙarshen jikinta, ta rataya kai ƙasa, a lanƙwashe kamar ƙugiya. Bayan kamar kwana guda fatar ta tsage, ga kwanso kore ko mai ɗan ja-ja, da ɗigo kamar na zinariya. Ta lemo kuwa kai sama ta ke tsayawa, ta yi wa kanta ɗamara da zare ta jingina da reshe. Ku lura, ba ɗayansu da ke naɗe kanta cikin gidan zare. Wannan aikin tsutsar danginsu na dare ne, kamar waɗanda a ke samun zaren tsamiya na aikin riga daga gidansu.

Kwanso ga ido kamar ba abin da ya ke yi, alhali kuwa ciki aiki a ke. Yawancin naman tsutsar narkewa ya ke yi. Tun tana tsutsa akwai waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle ɓoye a jikinta, su ne yanzu ke girma su zama fukafukai, da dogayen ƙafafu, da idanu, da bakin tsotso. Na tumfafiya ya kan yi mako guda ko fiye da haka kaɗan, na lemo wajen mako 2. A rubuta ranar da ko wane ya shiga, domin daga ita za a fara ƙirga.

Ranar Fitowa Da Ɗaukar Hoto

Ga alamar da ba ta ƙarya: kwana guda kafin fitowa kwanson ya kan yi duhu, ɓawon ya zama garai-garai, har ka hangi launin fukafukai a ciki. In ka ga haka da yamma, to, shirya tun da dare, domin yawanci da safe su ke fita. Ni da kaina na taɓa zaman awa biyu gaban kwanso, na tashi in sha koko, na dawo na tarar da shi a rataye a waje. Fitar ba ta wuce minti ɗaya ko biyu.

Shirin kuwa ga shi. A cika batirin waya, a tabbata akwai wurin ajiye hotuna a cikinta, a goge idon kyamara. A fito da reshen da kwanson ke kai, a kafa shi kusa da taga inda haske ke shigowa daga gefe, ban da rana tsaka. In a jikin kwali ya maƙale, kada a ja shi, a yanko wurin da almakashi a rataya da allura. A bar masa fili aƙalla santimita 10 a ƙasa da ko wane gefe. A bayansa, can nesa kaɗan, a rataya ƙyalle marar zane, kore ko ruwan toka, don kada tarkacen ɗaki ya shiga hoton.

Kada a riƙe wayar a hannu, hannu yana rawa. A kafa ta a kan ƙafar kyamara in akwai, in babu a tokare ta da littattafai, daidai da tsayin kwanson, tazarar kamar taƙi guda. In ta cika matsowa hoton zai yi dishi-dishi. A danna kwanson a fuskar wayar, a riƙe har ta kulle a kansa. A kashe fitilar kyamara, domin haskenta yana ƙyalli a jikin ɓawo ya ɓata launi. Abin da ya fi sauƙi shi ne a saki bidiyo da zarar an ga ɓawo ya fara tsagewa, daga baya a ciro hotuna a ciki. In an sami waya ta biyu, wani ya riƙa ɗaukar hotuna a kai a kai.

Abin da za ku gani shi ne, ɓawon zai tsage ta wajen kai, ƙafafu su fito su kama, sa'an nan sauran jiki ya zamo. Kada ku yi mamaki in kun gan shi mummuna: ciki ƙato, fukafukai ƙanana a cukurkuɗe kamar jiƙaƙƙen tsumma. Zai rataya, ya riƙa tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyin fukafukan. Cikin minti 15 zuwa 20 sun miƙe, ciki ya saɓe. Ku dubi bakinsa kuma: gida biyu ya ke fita da shi, sai ya yi ta naɗewa yana warwarewa har su haɗu su zama bututu ɗaya. Zai ɗigar da wani ruwa ja-ja ko ƙasa-ƙasa. Ba jini ba ne, ƙazantar da ta taru ce tun yana kwanso.

A nan ne dokar ta fi tsanani: kada kowa ya taɓa shi, kada a taimake shi fita, kada a girgiza reshen don neman hoto mai kyau. In ya faɗi, ko ya rasa filin ratayawa, fukafukan za su bushe a murɗe, ba zai taɓa tashi ba har ya mutu. In har ya faɗo, a miƙa masa tsinke ya hau da kansa, a ɗaga shi. Hoto ba ya kai ran abin da a ke ɗauka.

Fukafukan su kan yi awa ɗaya ko biyu ko fiye kafin su yi ƙarfi. Wannan ne lokacin hoton da ya fi kyau, yana zaune tsaf, launinsa sabo ful, yana buɗewa yana rufewa kamar yadda sunansa ya ce. A daidaita wayar da shimfiɗar fiffiken don ya fito sarai daga gefe zuwa gefe. Na tumfafiya ma za a iya gane jinsinsa daga hoton: mace tana da baƙin ɗigo 3 a tsakiyar fiffiken baya, namiji yana da 4. Da ya fara kaɗa fukafukai da ƙarfi, a kai shi inda a ka samo shi a sake shi.

Amfaninsa A Aji

Malami ya raba aikin tsakanin yara: masu kawo ganye, masu share kwali, masu awo da rula ko wace safiya, masu rubuta kwanan wata. Ko wane hawa a ɗauki hotonsa, da rula a gefe don a ga girma. In an gama a jera hotunan a bango bi da bi. A aiki ɗaya an yi nazarin halitta, an yi lissafi, an yi rubutu, an kuma koyi tausayin ƙananan halitta. Hotunan kuwa su ne shaida ga yaron da bai zo ba ran nan, da iyayen da za su ce ba su yarda ba.

Saboda haka ina roƙon waɗanda za su fita gwajin koyarwa su fara gwadawa a nan kwaleji tukuna, don kada su je su yi tuntuɓe gaban yara. Wanda ya dace da hoto mai kyau, ya kawo wa Edita tare da kwanakin da ya rubuta, mu gwada na wannan da na wancan, mu ga yadda zafi da sanyi ke canza lissafin.