Baƙuwar Da Ba A Saya Ba A Cikin Akwatin Murjani

A biranen Faransa da Jamus da Amurka akwai mutanen da ke kiwon teku a cikin ɗakunansu. Sukan girka akwatin gilashi mai cin ruwa lita 200 ko 400, su cika shi da ruwan gishiri, su jera duwatsu, sa'an nan su dasa murjani mai rai a kansu, su saki ƴan kifaye masu launi. Murjanin nan dangi ne na jan murjanin da iyayenmu mata ke ratayawa a wuya, wanda ake cirowa daga tekun Bahar Rum, kuma dabba ne, ko da yake ido na ɗaukarsa tsiro. Kiwo ne mai cin kuɗi da haƙuri, domin wani reshen sai ya shekara kafin ya ƙara tsawon ɗan yatsa.

To, wanda ya zuba dukiyarsa haka, wata safiya sai ya tarar da wata ƴar halitta manne a jikin gilashi, toka-toka, ba ta wuce faɗin farce ba, mai hannuwa shida ko bakwai, wasu dogaye wasu dungu. Tauraruwar teku ce, wadda Faransawa ke kira étoile de mer. Bai saye ta ba, ba a kuma ba shi ita kyauta ba. Cikin kaya ta shigo. Duwatsun da ake jerawa, waɗanda aka daɗe ana kwasowa daga tekun Indonisiya da tsibiran Fiji, cike suke da ramuka kamar gidan gara, kuma kowane rami da mai shi. A ƙarshen shekara ta 2017 Fiji ta dakatar da fitar da irin wannan dutse, masu kiwo da yawa kuma sun koma ga busasshen dutse, amma baƙuwar ba ta daina zuwa ba: takan laɓe a gindin ƴan rassan murjanin da suke musanya tsakaninsu.

Aikin farko shi ne a san ko wace ce. Idan tana manne da gilashi, ana ganin cikinta ba tare da an taɓa ta ba: bakinta na tsakiya, daga nan kwari ya bi kowane hannu, cike da ƙananan ƙafafu masu kama da bututu, waɗanda take tafiya da su sannu a hankali. Masu kiwo na kiran wannan iri Asterina, alhali masana sun mayar da da yawa daga cikinsu wani gida mai suna Aquilonastra tun shekara ta 2004. Rashin daidaiton hannuwan ba ciwo ba ne. Ta haka take haihuwa, watau jikinta ya tsage biyu, kowane ɓangare ya tsiro da abin da ya rasa, shi ya sa guda ɗaya ta watan Janairu kan zama taro kafin shekara ta juyo. Idan kuwa abin da aka gani hannuwa ne sirara kamar wutsiyar maciji, suna leƙowa daga rami suna karkaɗawa, wannan wata ƴar'uwarta ce daban, mai tsintar ragowar abinci, kuma ƙananan irinta alheri ne ga akwati.

Tsoron da ke kama mai akwati yana da tushe. A cikin nau'in taurarin teku kusan 1,900 akwai wata babba mai ƙaya, Acanthaster, wadda hannuwanta kan kai 21, wadda tun shekara ta 1962 ake ganin ɓarnarta a babban shingen murjani na Ostareliya. Takan fitar da tumbinta ta baki, ta shimfiɗa shi a kan murjani, ta narkar da naman, ta bar farin ƙashi. Ƴar ƙaramar da ke jikin gilashi ma da tumbi a waje take ci, sai dai yawancin irinta dauɗar gilashi da gansakukar dutse suke lasa. Kaɗan ne ke hawa kan murjani mai taushi, musamman wanda ake kira Zoanthus.

A ganina, a nan ne mutane da yawa ke yin gaggawa. Ana yawan faɗin cewa farare ba su da laifi, masu duhun launi ne ɓarayi, amma wannan zancen masu kiwo ne, ba ma'auni ne da za a dogara da shi ba. Shaida ita ce wurin da aka kama ta. A bari fitilu su mutu, a dawo da tocila bayan awa biyu, a yi haka dare da yawa a jere. Wadda ke kan gilashi ko kan dutse, a ƙyale ta. Wadda ake tararwa kullum a kan murjani guda, murjanin kuma ya ƙi buɗewa da rana, a cire ta. Ko a nan ma da sauran magana, domin wani lokaci murjanin ya riga ya fara ruɓewa saboda lalacewar ruwa, ita kuwa ta zo ne kamar ungulu.

Idan sun yi yawa, matsefata ta isa. Da sassafe, kafin a kunna fitila, sukan taru a jikin gilashi, a tsince su ɗaya bayan ɗaya, kada a yanka, domin guntun da ya faɗa kan iya zama sabuwa. A rage abincin da ake zuba wa kifi. Wasu kan sayo wani kyakkyawan jatan lande mai suna Hymenocera picta, wanda ba ya cin komai sai tauraruwar teku. Yakan share akwatin, sa'an nan ya zauna da yunwa, mai shi ya koma sayen taurari da kuɗinsa don ya ciyar da ma'aikacin da ya ɗauka. Waɗanda aka cire kuma ba a zuba su a teku: wata ciyawar akwatin kifi mai suna Caulerpa taxifolia, da aka fara gani a gaɓar Monako a 1984, ta bazu har gaɓar Faransa da Italiya da Tunisiya.

Akwai kuma manyan taurarin teku, ja ko shuɗi, irin Fromia ko Linckia, kuma riƙon waɗannan ya fi wuya. Tauraruwar teku ba ta da jini irin namu. Ruwan teku take shigarwa ta wani ɗan faifai mai huji-huji a bayanta, shi ke motsa ƙafafunta, saboda haka duk canjin gishiri cikin jikinta yake shiga kai tsaye. Ana riƙe gishiri a kan garam 35 cikin kowace lita, zafi tsakanin digiri 24 da 26. Ruwan da ya ƙafe, da tataccen ruwa marar gishiri ake cike gurbinsa, kaɗan-kaɗan kowace rana. Idan za a sauya mata akwati, ana ɗiga mata sabon ruwan ta siririn tiyo, kamar ƙarin ruwa a asibiti, har awa biyu ko fiye. Maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki yana kashe ta, ya kashe murjanin tare. A sabon akwati mai ƙarancin dutse kuwa, yunwa kan cinye ta cikin watanni ba tare da an lura ba, sai ranar da aka ga fararen tabo a bayanta, bakin hannuwa ya fara zagwanyewa. Ranar nan ake fitar da ita zuwa wani mazubi daban, kafin ta gurɓata ruwan sauran.