Sifiri Biyu, Makoma Biyu: Darasin Maya da Indiya Ga Littattafan Kakanninmu

Kowane ɗan firamare ya san sifiri, amma ba kowa ya san doguwar tafiyar da kalmar ta yi ba. Daga Larabci muka aro ta, Larabawa kuwa fassara suka yi wa "shunya" ta tsohon harshen Indiya, wato wofi. Sai dai akwai wata al'umma a yankin da yau ake kira Meziko da Gwatamala, wadda ta gano sifiri da kanta, ba ta taɓa jin labarin Indiya ba. Su ne Maya.

Maya da ashirin-ashirin suke ƙirga, kamar yadda kakanninmu suke ƙirga wuri da hauya-hauya. Ɗigo shi ne ɗaya, sanda biyar, sifiri kuma a zana shi da siffar ƙwanso. Suna da kalanda biyu, ta kwana 260 da ta kwana 365, masu haɗuwa duk shekara 52. Sun bi sawun tauraruwar Zara har suka ƙiyasta zagayenta a kwana 584, abin da bai saɓa wa lissafin yau ba sai da ɗan ƙiris.

A Indiya, Aryabhata ya bayyana a shekarar 499 cewa duniya ce ke juyawa, kuma inuwarta ce ke haddasa husufin wata. A 628 Brahmagupta ya shimfiɗa ƙa'idojin tarawa da ɗebewa da sifiri, ya mai da shi lamba mai cin gashin kanta.

A ganina, ba kaifin basira ne ya raba su ba, abin da ya sami rubutunsu ne. A zamanin Halifa Mansur aka kai ilimin taurarin Indiya Bagadaza aka fassara shi. Alkhawarizmi ya wallafa littafi kan lissafin Indiyawa, daga nan lambobin suka bazu har suka iso allunan makarantunmu. Maya kuwa, a 1562 wani limamin coci ɗan Sifaniya, Diego de Landa, ya tara littattafansu a garin Mani ya banka musu wuta. Huɗu kacal aka sani sun rage a duniya, mafi shahara yana birnin Dresden na Jamus.

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da namu. Malam Muhammadu Alkashinawi, Bakatsine, ya rubuta littafi a 1732 kan hanyoyin tsara hatimi, wato jera lambobi a gidaje ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Masana tarihin lissafi na duniya suna ambatonsa. Ɗaliban lissafi nawa ne a Zariya suka taɓa jin sunansa?

Mu ba wanda ya ƙona mana littattafai a dandali. Gara da ɗigar damina da halin ko-in-kula su ke yi mana aikin Landa a hankali. Daga Tudun Wada zuwa cikin Birni, akwai gidajen malamai da takardun hisabi da na taurari ke kwance cikin gafaka, magada na tsoron a raba su da su, masu digiri na yi musu kallon kayan tsibbu.

Adanawa kaɗai ba ta isa ba, ko da yake Gidan Arewa na Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello sun yi ƙoƙari wajen tattarawa. Mai Larabci bai san lissafi ba, mai lissafi bai iya karanta rubutun ba. Ina kira ga sassan biyu su zauna tabarma ɗaya, su ɗauki hoton takardun a bar wa masu su asalinsu, su fassara su zuwa Hausa, a sa su cikin manhajar sakandare. Ilimin da aka kwafa aka fassara shi ke rayuwa; wanda aka kulle a akwati, ranar mutuwarsa yake jira. Allah ya sa mu farga.