Abin da ke sa faifan biki maƙalewa

A gidaje da yawa a Kano, Zariya ko Maraɗi, bidiyon bikin aure yana kan faifan DVD ne da mai ɗaukar hoto ya kwafa da kwamfutarsa. Sai a saka shi, na'ura ta yi ta juyi, ta ce babu faifai. Nan take a ɗora mata laifi, alhali fim ɗin kamfani tana karanta shi lafiya lau.

Ƙirar ce ba ɗaya ba. Faifan kamfani inji ne ke danna masa ramukan bayanai. Na kwafi kuwa, siririn rini ne a cikinsa wanda hasken leza ke ƙonawa ɗigo-ɗigo. Bai kai na kamfani mayar da haske ba, kuma zafi da rana suna cin rinin sannu a hankali. Na'urar da ƙurar hunturu ta rufe wa ido, a kan na kwafi take fara gazawa.

In kuma faifan ya buɗe amma ya maƙale, inda hoton ya tsaya ma shaida ne. Daga tsakiya ake rubuta DVD zuwa baki, kuma a faifai mai arha a bakin ne rinin bai cika shimfiɗuwa daidai ba. Shi ya sa akan kalli kamu da ɗaurin aure sumul, sai an zo kai amarya, daidai inda kowa ke jira, hoto ya daskare. Masu sana'ar da suka san aikinsu ba sa cika gigabait 4.7 ɗin taf, kuma sukan kwafa a gudun 4x, ba 16x ba, ko da mai biki yana tsaye a kansu.

Wani lokacin faifan ƙalau yake, zubin ne aka kuskure. Tsofaffin na'urori jakar VIDEO_TS suke nema. In MP4 aka zuba kai tsaye, sai dai kwamfuta ta buɗe. Haka in ba a rufe faifan ba bayan an gama kwafi. Na'urorin da aka ƙera kafin DVD+R ya fito a 2002 sau da yawa DVD-R kaɗai suke karɓa. Faifan da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka kuma tsarin NTSC ne, tsohuwar talabijin mai PAL tana iya nuna shi baƙi da fari.

In datti ne, a goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ban da zagayawa. In kwamfuta ta samu ta karanta shi, a kwashe bidiyon zuwa filashi a ranar, domin rinin da ya fara mutuwa ba ya gyaruwa.