Jari a Kamfanonin Bashin Waya, da Dokar da Ta Taso Musu

Duk wanda ya san ƙasar Guri, tun daga Kadira da Adiyani har zuwa Musari da Abunabo, ya san cewa kuɗi a wannan fadama ba su da zama: a dunƙule suke zuwa sa'ad da aka casa shinkafa, ko aka tsinke barkono, ko kwalayen bandar kifi suka nufi kasuwar Haɗejiya, sa'an nan su yi ƙaranci daidai lokacin da aka fi bukatarsu, watau ranar da za a sayi iri da taki da man injin ban-ruwa. Tsakanin yalwa da ƙuncin nan ne rance ya yi gida tun kaka da kakanni, har Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne mai ba da rance ya tashi daga zaure ya koma cikin wayar salula, kuma kiransa iri biyu ne: ga wanda hannunsa ya bushe yana cewa zo ka karɓa, ga wanda ya sayar da amfani kuwa, ko ɗan kasuwar da ya tara 'yan kuɗi, ko ma'aikacin da aka biya haƙƙinsa na ajiye aiki, yana cewa kawo ka zuba jari a riƙa ba ka riba duk wata. Kira na biyun nan nake so mu yi wa duban tsanaki, domin hukuma ta taso wa waɗannan kamfanoni da dokoki masu tsanani, alhali galibin waɗanda ake kwaɗaita wa ribar ba su san inda take fitowa ba, balle su san abin da dokar za ta yi mata.

Sana'ar ba ta da wuyar fahimta. Mutum ya sauke manhaja, ya shigar da lambar BVN da hoton fuskarsa, nan take kuɗi su faɗo asusunsa, naira dubu biyar ko goma ko hamsin, bisa sharaɗin zai biya bayan mako ɗaya ko biyu ko wata guda, tare da kuɗin ruwa da wani abin da ake kira kuɗin hidima, wanda sau da yawa tun kafin a miƙo ake zaftare shi. Ba a neman jingina, ba a neman mai tsaya masa, ba a tambayar mai unguwa ko liman halinsa. To, wanda yake zaune a Ikko ya ba baƙon da ke Garbagal dukiyarsa ba tare da ya taɓa ganin idonsa ba, da me ya dogara? Da mutuncin mai karɓa ya dogara. A shekarun da ba a sa musu linzami ba, da zarar mutum ya danna cewa ya yarda, ya ba su izinin kwashe sunaye da lambobin duk waɗanda ke cikin wayarsa har da hotunansa. Ranar da wa'adi ya cika bai biya ba, sai saƙo ya isa wayar surukinsa da ta malaminsa da ta maigidansa na kasuwa, ɗauke da hotonsa, an rubuta cewa wane ɓarawo ne ya gudu da kuɗin kamfani, wani lokaci ma har a tsara sanarwar rasuwarsa yana nan da ransa. Wanda ya san nauyin surukuta a ƙasar nan, inda namiji yake tuɓe takalmi ya durƙusa kafin ya gaida uban matarsa, ya san cewa irin wannan saƙo ya fi ƙwace gona ciwo, kuma mutum zai sayar da akuyar gida, ko ya ci wani bashin a wata manhajar, don kada a sake aikawa.

Hukuma ba ta farga da wuri ba, amma da ta farga ta yi ta ƙara matsawa. A watan Agusta na 2021 hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwa ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu cin bashi. A watan Maris na 2022 hukumar tarayya mai kula da gasa da kare haƙƙin masu saye, wadda ake kira FCCPC, a ƙarƙashin Babatunde Irukera, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Ikko, kuma a watan Agusta na shekarar ta fitar da ƙa'idojin wucin gadi da suka wajabta rajista. Kamfanin Google, wanda a rumbunsa ake sauke yawancin manhajojin, daga ƙarshen Mayu na 2023 ya hana manhajar rance leƙa lambobi da hotunan da ke cikin waya, sa'an nan a watan Yuni aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a. Mafi nauyi ita ce wadda ta fara aiki ranar 21 ga Yuli 2025, a zamanin Tunji Bello, wadda ta wajabta bayyana wa mai karɓa haƙiƙanin abin da zai biya, ta hana ɗora wa mutum bashin da bai nema ba, ta kuma tanadi tarar da za ta iya kai naira miliyan 100 ko kashi 1 cikin 100 na cinikin kamfani, da hana daraktocinsa riƙe irin wannan muƙami har shekara 5.

Ga mai cin bashi wannan rahama ce, kuma ina maraba da ita da zuciya ɗaya. Amma mai zuba jari ya kamata ya zauna ya yi hisabi. A ƙaddara kamfani ya ba mutum 100 naira 10,000 kowannensu, jimla miliyan ɗaya, bisa cewa kowa zai maido da 11,500 bayan wata. In mutum 90 suka biya, an sami 1,035,000, watau rarar 35,000 kafin a fitar da albashi da kuɗin talla da haraji. In kuwa 85 ne suka biya, abin da ya dawo 977,500 ne, an taɓa uwar kuɗi ke nan. Mutum biyar kacal ne tsakanin riba da hasara, kuma waɗannan biyar ɗin, waɗanda ba su da shi amma tsoron kunya ya sa suka nemo, su ne saƙon cin mutuncin nan yake tilasta wa. Saboda haka da doka ta hana tozartawa, ta kuma hana ɓoye kuɗin hidima, ba ado kawai ta cire wa sana'ar ba, ta taɓa ainihin inda ribar take. A haɗa da cewa kuɗin da kamfanin yake juyawa shi ma da tsada ya samo su, tun da Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a watan Nuwamba na 2024, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 34 a ƙarshen shekarar.

Ba hasashe nake yi ba, domin an ga haka a wasu ƙasashe. A Ingila an yi wani kamfani mai suna Wonga, wanda ya shahara da ba da bashin 'yan kwanaki ta intanet, har ribarsa kafin haraji ta haura fam miliyan 80 a shekarar 2012, manyan masu jari suna rububinsa. A 2014 aka gano yana aika wa masu bashi wasiƙun barazana da sunan ofisoshin lauyoyin da babu su, aka sa shi biyan diyya, kuma a watan Oktoba ya yafe bashin fam miliyan 220 da ke kan mutum 330,000 waɗanda tun farko bai binciki ikonsu na biya ba. Daga Janairu na 2015 hukuma ta ƙayyade cewa kuɗin ruwa ba zai wuce kashi 0.8 cikin 100 a rana ba, kuma kome daɗewa ba za a karɓi fiye da ninkin abin da aka ranta ba. Kamfanin bai sake miƙewa ba. A watan Agusta na 2018 masu jarinsa suka ƙara zuba fam miliyan 10 don su ceto shi, kafin watan ya ƙare ya rushe, waɗanda suka nemi diyya kuwa abin da suka samu bai kai kashi 5 cikin 100 na haƙƙinsu ba, masu hannun jari suna bayansu a layi. A Indiya ma, kamfanin SKS mai ba da ƙananan rance ya sayar da hannun jarinsa a kasuwa a watan Agusta na 2010, bayan wata biyu jihar Andhra Pradesh ta kafa doka kan yadda ake matsa wa talakawan karkara wajen karɓar bashi, cikin shekara biyu darajar hannun jarin ta zube da fiye da kashi 90 cikin 100.

Akwai kuma abin da ya keɓanci namu. Hukumar inshorar ajiya ta NDIC tana lamunce wa mai ajiya har naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, da miliyan 2 a ƙaramin banki mai lasisi, kuma gaskiya ne wasu daga cikin masu ba da rance ta waya suna da irin wannan lasisi. Amma rajistar FCCPC izinin ba da rance ce, ba izinin karɓar ajiya ko tara jarin jama'a ba, wanda yake hurumin Babban Banki ne da hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannun jari. Wanda ya miƙa kuɗinsa ga manhajar da ba ta da waɗannan, ranar da ta ɓace ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Da yawa ma daga masu cewa za su juya maka kuɗi a harkar rance ba su ranta wa kowa kome, da kuɗin na baya suke biyan na gaba, kamar yadda aka gani a wasu tsare-tsaren zuba kuɗi, watau MMM a ƙarshen 2016 da CBEX a watan Afrilu na 2025.

Duk wannan lissafin duniya ne. Ga Musulmi akwai magana da ta gabace shi, domin babu saɓani tsakanin malamai cewa rancen da aka sharɗanta ƙari a kansa riba ce haramtacciya, kuma wanda ya ba da jarin da ake yin ta da shi bai fita daga cikinta don bai ga fuskar wanda aka karɓa daga hannunsa ba. Abin lura ne cewa a ƙarshen Suratul Baƙara, inda aka yi hani mafi tsanani ga riba, nan ne aka yi umurni da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, nan ne kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta zo tana umurni da rubuta bashi da kafa masa shaidu. Bayyana sharaɗi da kiyaye mutuncin mai bashi, waɗanda hukuma take ƙoƙarin tilastawa yau da tara, almajirin da ya karanta babin ciniki a Risala ko Muhtasar ya daɗe da saninsu.

Sai dai kada mu ɗora laifi duka a kan Ikko mu manta da namu. Bashin mako biyu bai dace da manomin Guri ba tun asali, domin shinkafa ba ta nuna cikin mako biyu, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ruwan kogin Haɗejiya ya sauya hali, kacalla ta toshe hanyoyinsa, ta zama maɓoyar tsuntsaye jan-baki, ambaliya irin ta 2020 da 2022 kuma tana iya shafe gona a dare ɗaya. Wanda manomin nan yake zuwa wurinsa shi ne mai ba-da-kaka, wanda zai ba shi buhu ɗaya da damina ya karɓi biyu a masussuka, ko ya ba shi kuɗi a kan farashin da bai kai rabin na kasuwa ba, in ruwa ya ci gonar kuma a ninka masa zuwa baɗi, ko a riƙe gonar jingina. Dokar Abuja ba ta isa zauren wannan mutum ba, kuma cutarwarsa ba ta gaza ta manhaja ba.

A ganina nan ne mai 'yan kuɗi a Guri ko Haɗejiya ya kamata ya duba, domin bukatar jari gaskiya ce, shari'a kuwa ba ta rufe ƙofa ta bar mutane a waje ba. Ta halatta cinikin salam, watau a biya manomi kuɗi a hannu yanzu a kan hatsin da zai kawo nan gaba, da sharaɗin a san nau'insa da ma'auninsa da ranar kawowa, kuma kada a ɗaure shi da amfanin wata gona ayyananniya. In wa'adi ya zo ba a sami kayan ba, mai saye ya jira ko ya karɓi uwar kuɗinsa, babu ƙarin ko kwabo. Ta halatta ƙirali, inda mai dukiya zai ba mai fataucin kifi ko barkono jari su raba riba bisa kason da suka yarda, in hasara ta zo ba da sakaci ba ta faɗa kan mai dukiya, mai aiki kuma ya yi hasarar wahalarsa. A kan irin waɗannan ƙa'idoji ne bankin Jaiz ya buɗe a 2012, TAJ da Lotus suka biyo baya, amma ba sai an jira reshensu ya iso Lafiya ko Margadu ba. Abin da ake bukata dagatai da limamai da ƙungiyoyin manoma su yarda da takarda guda mai sauƙi, da boko ko da ajami, wadda za a rubuta sunan mai ba da kuɗi da mai karɓa da shaidu biyu, da farashin da aka yanka bisa adalci, da watan da za a kawo, da abin da za a yi in ambaliya ta zo. A kuma rubuta mudu nawa ne buhun, domin sau da yawa rigimar masussuka a kan girman buhun da mai saye ya zo da shi take tashi.