Binciken Hawan Keke Daga Bakin Mata: Misalin Karofan

A Karofan, cikin gundumar Buza, takardar tambayoyi da aka fassaro daga Faransanci, gadon mulkin mallaka, takan ɓatar da mai bincike. Kalmar "keke" tana nufin na hawa da na ɗinki. Mace tana iya amsawa a kan na ɗinki. Don haka ya kyautu mata su tsara tambayoyin da Adaranci, su zana hanyoyin rijiya, gona da kasuwa bisa ƙasa, su nuna mai hawa da mai tafiya ƙasa. A Keita maƙwabciya, mata ne mafi yawan ma'aikatan shirin raya karkara da aka soma a 1984. Waɗanda suka ɗauki duwatsu sun cancanci kalmominsu su shiga littattafan yaƙi da jahilci yadda suka faɗe su.