Taron Dangi na Kirsimeti da Gidan Abincin Unguwa

Da zarar Disamba ta yi tsaka, tashoshin mota na Abuja, Kaduna, Kano da Legas sukan cika da 'yan'uwanmu masu tafiya gida: wasu Kafanchan da Zonkwa, wasu Pankshin da Langtang, wasu Biliri, Numan, Garkida ko Zuru. Ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu hutu ne na gwamnati, an kuma gama girbi, don haka babu lokacin da ya fi wannan sauƙin tara dangi. A makon nan ne ake ɗaura aure, a kai jikoki su ga kakanni, a sasanta rigimar gona, ƙungiyoyin ci gaban gari kuma su yi taronsu na shekara. Mutanen Kagoro sukan ƙarasa da bikin Afan ranar 1 ga Janairu. Duk waɗannan ba sa yiwuwa sai da abinci.

A dā ba a tambayar inda za a dafa. Gidan kaka yana nan, matan gida da surukai sun kafa murhu a tsakar gida, akuya tana turke. Yau ba kowane iyali ne ke da wannan ba. Tun da Boko Haram ta kama Gwoza da Mubi a 2014, iyalai da yawa suka watse zuwa Yola, Jos da Abuja, wasu har Minawao a Kamaru. Hare-haren da aka kai ƙauyukan Bokkos da Barkin Ladi a Kirsimetin 2023 sun sa wasu suna jin tsoron kwana a ƙauye. Ga kuɗin mota da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Sai dangi su zaɓi haɗuwa a cikin gari, wurin ɗan'uwan da ke zaune a ɗaki biyu na haya, inda babu wurin ɗora babbar tukunya. Ta haka ne aikin ya koma hannun macen da ke da ƙaramin gidan abinci a bakin hanya, wadda duk unguwa ke kira Mama, sau da yawa kuma 'yar Zumuntar Mata ce a ikkilisiyarmu.

Yana da kyau mu fahimci yadda wannan sana'a take tafiya, domin mai ci ba ya ganin abin da ke bayan rumfa. Jarinta ba ya kwana. Cinikin yau shi ne cefanen gobe, wani lokaci ma shinkafar da manjan bashi ta karɓo a kasuwa, sai ta sayar ta biya. Idan muka ce ta dafa wa mutum hamsin, mun roƙe ta ke nan ta zuba jarin kwanaki a tukunya ɗaya, a daidai lokacin da kaza, tumatir, gawayi da nama suka fi tsada. Ta kuma rufe wa masu cinikinta na kullum ƙofa a ranar, 'yan acaɓa da leburori da ma'aikatan asibiti waɗanda su ne ke riƙe da ita sauran watanni goma sha ɗaya.

A nan ne muke yawan yin laifi. Saboda 'yar'uwa ce a cikin Ubangiji, sai mu ji kunyar yin ciniki a fili, ita ma ta ji kunyar faɗin kuɗinta. A ci a sha, a ɗauki hoto, baƙi su koma birni, a bar ta da "sai an yi albashin Janairu". Ba za ta kai ƙarar ɗan dattijon ikkilisiya ba. Za ta yi shiru ne ta karya adashi. Littafin Maimaitawar Shari'a sura 24 ya umarci a biya matalaucin ma'aikaci hakkinsa a ranar da ya yi aikin, Yaƙub sura 5 kuma ya tsawata wa masu danne ladan ma'aikata. Hanyar tsira mai sauƙi ce: dangi su naɗa mutum ɗaya ya riƙe kuɗin karo-karo, a zauna da ita tun farkon wata, a rubuta yawan mutane da irin abincin, ko shinkafa ce ko tuwon acca ko fate, a ba da kafin alƙalamin da zai isa cefane, a cika sauran kafin a ɗauke kuloli. In mutane sun ƙaru, kuma kullum sukan ƙaru, kuɗin ma ya ƙaru. Kada mu manta da 'yan matan da ke wanke-wanke da yaron da ke ɗebo ruwa. Sun rasa sujadar safe domin mu ci, ya kamata goron Kirsimetinsu ya shiga hannunsu kai tsaye.

Sai batun bayarwa. Galibinmu mun saba da tara kayan abinci a majami'a a raba wa gwauraye da marayu, kuma wannan aiki ne mai kyau. Amma jerin sunayen ikkilisiya yakan tsallake mutane. Haka ya faru a Urushalima: Ayyukan Manzanni sura 6 ta nuna yadda aka riƙa mantawa da gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci a rabon abinci na kullum, har sai da aka zaɓi mutum bakwai su kula da aikin. Mai gidan abinci ta san abin da kwamiti bai sani ba. Ta san tsohon da ke sayen tuwo babu nama ya ce haƙori ne ke damunsa, ta san yaron da ke jiran ƙanzo, da matar da ta gudo daga ƙauye ba ta da ko tukunya. Saboda haka iyalin da ke taro za su iya biyan ƙarin kwano goma ko ashirin, su ce Mama ta ba waɗanda ta ga sun dace, ba tare da ambaton sunan mai bayarwa ba. Mai karɓa ya zauna a benci kamar kowane mai ciniki, babu layi, babu mai ɗaukarsa a waya ya sa a Facebook. Abin da Yesu ya koyar ke nan a Matiyu sura 6 game da sadaka a ɓoye, da Luka sura 14 game da gayyatar waɗanda ba za su iya ramawa ba. Sharaɗin dai a biya kwanukan cikakke. Kyautar da aka yi da jarin wata ba tamu ba ce.

Har ila yau, ya fi kyau a baza wannan taimako. Ranar Kirsimeti kowa yakan sami mai ba shi shinkafa. Yunwar tana zuwa ne a tsakiyar Janairu, lokacin da baƙi suka tafi, ga kuɗin makaranta, ciniki kuma ya faɗi. Kuɗin da aka ajiye wa Mama domin kwano biyu kowace rana har ƙarshen wata yana ciyar da mabukaci, yana kuma riƙe rumfarta a buɗe.

Akwai kuma maƙwabtanmu Musulmi. Tsohuwar al'ada ce a garuruwanmu su aiko mana da naman Sallah, mu aika musu da abincin Kirsimeti, shi ya sa iyayenmu da yawa sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka dabbar domin kowa ya ci hankali kwance. A wuraren da rikici ya raba unguwanni, kamar Jos da Kaduna, wannan aike ya ragu ƙwarai, amma gidan abincin bakin kasuwa yana cikin 'yan wuraren da har yanzu ake zama benci ɗaya. In za a aika wa maƙwabta, a gaya wa Mama tun da wuri ta sayi naman a wurin mahautan da suka amince da su, a zuba nasu a kula dabam, a aiki yara su kai da rana tun abincin yana da zafi.